Ni na cire madubin babur ɗin yayana

Assalamu alaikum, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a ɓoye sunana. Kafin kowa ya zage ni, don Allah ya karanta har ƙarshe, domin babu zagin da za ku yi mini wanda ban riga na yi wa kaina ba a cikin wata huɗun nan.

Ni mutumin Sara ne, a ƙaramar hukumar Gwaram. Na yi shekaru ina acaɓa a Kano kafin na dawo gida na kama noma, kuma a can na koyo abin da ya jawo mini wannan masifa. A cikinmu 'yan acaɓa, ranar da ka sayi sabon babur, kafin ma ka cika tanki za ka kwance madubai biyun nan ka jefa a lungu. Muna cewa suna hana mutum kurɗawa tsakanin motoci, amma gaskiyar magana ita ce kunya muke ji, don duk wanda aka gani da madubi sai a ce baƙauye ne ko ɗan koyo. Mu waiwaye muke yi. Wuyana ya saba, kafin na karya kwana na riga na leƙa baya sau biyu ban ma san na yi ba.

Yayana kuwa, wanda muke kira Yaya Malam, ba haka yake ba. Malamin Islamiyya ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Shekara goma sha ɗaya yana hawan babur ɗaya bai taɓa ko goge wani ba. Kullum da safe sai ya sa gefen rawaninsa ya goge madubin, ya daidaita su, ya ɗora hular kwano, sannan ya yi bisimilla. Har tsokanarsa nake yi, ina cewa babur ɗinsa ya fi amarya yawan duba madubi. Shi kuma sai ya yi murmushi ya ce, "Ƙanena, ido biyu Allah ya ba ni, duka a gaba. Waɗannan su ne na baya."

Ana gobe abin zai faru, wani abokina ya yi aure, za mu yi rakiyar ango da babura. Nawa yana wajen gyara, sai na ari na Yaya Malam. Da na isa wajen abokai na ga babura jere, babu mai madubi ko ɗaya, sai wani ya ce, "A'a, yau liman muka samu a cikin tawaga?" Aka yi dariya. Ni da nake da mata da 'ya'ya uku, dariyar nan ta shige ni. Na je wajen mai faci na ari sufana, na kwance su, na zuba a aljihu. Me zai rage ni da shi da na bar su? Wa zai tuna da dariyar nan bayan kwana biyu? Na mayar da babur da yamma, madubin kuma suka bi ni gida a cikin aljihun rigar biki.

Washegari da hantsi Yaya Malam ya zo ƙofar gidana, zai tafi Birnin Kudu karɓo wa Innarmu maganin hawan jini, kuma ranar kasuwa ce. Ya ce, "Ina idanuna na baya?" Ina kwance, gajiyar biki ba ta sake ni ba, rigar kuma tana can ƙasan kayan wanki, ga sufana sai an je aro. Daga cikin ɗaki na amsa masa, ko fitowa ban yi ba. Na ce, "Haba Yaya, yau ɗaya dai. Duk garin nan wa ke sa madubi? Ka je haka, in ka dawo zan ɗaura maka." Sai ya ce, "To, Allah ya tsare." Na ji tashin babur ɗinsa, na gyara kwanciya.

Wanda ya san Birnin Kudu ranar kasuwa ya san yadda babban titin yake cika: tireloli, motocin haya, masu kaya a baro, babura ta ko'ina. A nan ya zo zai tsallaka hagu ya shiga layin da yake so, wata a-kori-kura ɗauke da buhunan gero tana tafe a bayansa, ta kwashe shi. Ni na san abin da ya faru kamar ina wurin. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya yana kai ido kan madubi bai taɓa koya wa wuyansa waiwaye ba. Ya kai ido inda ya saba, bai ga mota ba domin babu abin da zai nuna masa ita, hannunsa kuma ya riga ya karya kan babur. Hular kwano ce ta tsare masa rai, amma ƙafarsa ta dama ba ta tsira ba, an yanke ta daga gwiwa. Da ya farfaɗo bayan kwana uku, babu abin da yake tunawa na wannan rana, har zuwansa ƙofar gidana ya goge.

Ga inda laifina ya ninku. Da na isa wurin, an jingine babur ɗin a gefen titi, wani mutum ya nuna shi ya ce, "Dubi ƙarfin bugun, har madubin sun yi tsalle." Na bar shi a kan haka. Bayan 'yan sanda sun gama rubuce-rubuce aka ba mu babur, ni na ɗauke shi da kaina na kai wa bakanike a wani gari, na ce ya canza kan gaba ɗaya. 'Yan uwa suna ta sa mini albarka, wai na tsaya wa yayana. Ban tsaya masa ba, ramukan madubin nake ɓoyewa, domin duk mai ido zai gane kwance su aka yi, ba karyewa suka yi ba.

Direban motar dattijo ne daga Kiyako, mai furfura, ya kusa sa'an mahaifinmu. Tun ranar farko maganarsa ɗaya ce: ya yi hon, mai babur ya shigo gabansa bai duba ba, kuma babur ɗin ba shi da madubi. Da mutanenmu suka ji haka sai suka ce ga shaidar ƙarya ta fito, domin daga Sara har Gwaram babu wanda bai san Malam mai madubi ba. Ya kwana biyar a tsare kafin a ba da belinsa, mai motar ya karɓe makulli, yanzu ko a tasha ba a ba shi mota. Ya zo asibiti dubiya da ledar lemo, Inna ta juya masa baya ta ce, "Ka nakasa mini ɗa, ka kuma yi masa ƙarya. Ɗauki kayanka." A bakin ƙofa ya riƙe hannuna, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ɗana, wallahi ban ga madubi ba. Ko tsufa ne ya fara taɓa mini ido?" Na zare hannuna na ce Allah ya kyauta. Mutumin nan ya fara shakkar idonsa saboda ni.

Tun daga nan ban sake jin daɗin abinci ba. Ni nake ɗaukar Yaya Malam in kai shi makaranta, in zaunar da shi a kan tabarma, in dawo in ɗauke shi. Duk wanda ya gan mu sai ya ce Allah ya ba kowa ƙane irina, ni kuma kalmar tana ƙona ni. Ina tsoro, kuma ina jin kunyar tsoron. In na faɗa, da wane ido zan kalli Inna, wadda jininta yake hawa ko da ƙaramin abu? Matar Yaya da 'ya'yansa shida fa, su ji cewa ƙyuyar tashi daga kan katifa ce ta cinye ƙafar ubansu? In kuma na yi shiru, dattijon nan zai ƙarasa rayuwarsa da sunan maƙaryaci, wataƙila ma a ɗaure shi.

Ranar Alhamis mai zuwa za a zauna a kotu, kuma an sa sunana cikin shaidu, domin ni ne na ƙarshe da ya hau babur ɗin kafin shi. Za a ba ni Alƙur'ani in rantse. Jiya bayan la'asar ina gyara masa zama, Yaya Malam ya dafa kafaɗata ya ce, "Na ga kana ramewa a kan shari'ar nan. Kada ka damu, abin da ka sani kawai za ka faɗa. Ni ban tuna komai ba, amma na yarda da kai fiye da yadda na yarda da kaina. In ka ce da madubi, to da madubi."

Na miƙe na ce zan je in yi alwala. Jama'a, kwana huɗu suka rage mini. In fara zuwa wajensa in durƙusa, ko wajen Inna, ko in nufi Kiyako in nemi gafarar dattijon nan, ko in bari sai a gaban alƙali kowa ya ji lokaci ɗaya? Don girman Allah, me zan yi?