Ayeyo da Jiniyar Litinin

Zuwa ga mahaifiyata, Hoyo Ambaro,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yayata Sagal da yaranta, da fatan ciwon gwiwar nan ya sake ki. Mu nan Kansas ta Amurka lafiya lau, sai iska. Mahaifiyarki Ayeyo tana gaishe ki, ta ce har yau ba ta ga raƙumi ko ɗaya ba a ƙasar da ake ta yabon arzikinta.

Na bar aikin mayanka, gara ki ji daga bakina. Yanzu direba nake wa wani tsoho, Merle, mai farautar guguwa. Kada ki fara salati tukuna. Mutane ke biyansa ya kai su fili su ga yadda take haɗuwa, su ɗau hoto, su yi ihu, mu mayar da su da ransu. Shi ke karanta sama, ni ke riƙe da sitiyari. Dokarsa ita ce ba a kashe mota, kuma hancinta kullum yana kallon hanyar gudu. Ya ce mini, "Malam, in ka ga na daina taunar cingam, taka mai." Malam yake kirana tun ranar da ƙanƙara ta rufe mu ya ji ina jan Ayatul Kursiyyu.

Na ji Sagal ta kai ƙarata, kuma ba ƙarya ta yi ba. Duk Litinin da tsakar rana ana gwada jiniyar gari mai gargaɗin guguwa, kowa ya ci gaba da sabgarsa. Ranar da Ayeyo ta fara jin ta, ta zabura ta tambaye ni. Na haɗe fuska na ce doka ce, duk tsohuwar da aka gani a waje bayan jiniya, gwamna zai karɓe haƙoranta na roba. Gidanmu na kwano ne, irin wanda ake jawowa da mota, ba shi da ramin ɓuya daga guguwa, sai na nuna mata na maƙwabciyarmu Lorene, wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Tun daga nan, kowace Litinin, sai ki ga Ayeyo da dadduma da flas ɗin shayi tana tsallaka titi, hannu ɗaya a baki. Ba ta jin Turanci, Lorene ba ta jin namu, amma sai su shiga ƙarƙashin ƙasa su daɗe. Hoyo, da kin ga tafiyar da ke ma kin dara.

Amma tunda kin ce ranki ya ɓaci, gobe zan gaya mata gaskiya. Na yi alkawari.

Ɗanki mai jin magana wani lokaci,
Liban

Zuwa ga Hoyo,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Zan fara da abin da kike son ji: Ayeyo tana raye, ko ƙwarzane babu, tana gefena tana cewa rubutuna kamar kaza ta taka tawada. Gida kam ya tafi. Alhamdulillahi.

Na cika alkawari. Na gaya mata babu wata doka, jiniyar gwaji ce kawai, ta daina wahalar da ƙafarta. Ta dube ni ta ce, "To."

Ranar Alhamis muna fili yamma da gari, mu da baƙinmu, tsakiyar gonakin alkama. Bayan la'asar iska ta ɗauke ɗif, tsuntsaye suka yi tsit. Gindin hadarin ya sauko, baƙi kamar wankin allo, yana juyawa a hankali, sama ta koma wani kore-kore. Sai wani ɗan yatsa ya leƙo daga ciki, ya koma, ya sake leƙowa, ƙasa ta taso ta tarye shi. Wallahi Hoyo abin da kyau, ba zan ɓoye miki ba. Baƙi suna tsalle, ni ina cewa su biya ƙari tunda guguwar mai ƙiba ce. Na juya in tsokani Merle, sai na ga ya daina tauna. Ya ce, "Malam, garinku ta nufa."

Na kira Ayeyo, waya tana ta ringi ba a ɗauka. Na san jiniya tana kuka a gari a lokacin, kuma da bakina na gaya wa tsohuwa cewa kukan banza ne. Lorene ma ba abin dogaro ba ce. Kin san mutanen nan, in jiniyar gaske ta tashi, baranda suke fitowa da kofi a hannu su ga ta ina za ta ɓullo.

Akwai wata hanyar ƙasa da ta yanke kai tsaye zuwa gari, na karya kan mota zan bi. Merle ya damƙe sitiyarin ya ce, "Lakar nan sabulu ce bayan ruwa. Ka bi ta, gobe kakarka ce za ta zo nemanka." Muka zagaya ta kwalta, ina tuƙi ina karanta duk abin da na haddace, har da wanda malaminmu ya yi ta dukana a kai ban riƙe ba.

Da muka iso ban gane layinmu ba. Inda gidanmu yake, matakala ce kawai ta rage, da tukunyar shinkafa zaune a kai kamar an ajiye wa baƙo. Na yi ta ɗaga kwano ina kiran Ayeyo har muryata ta dushe. Ba na jin kunyar gaya miki, kuka na yi, irin na yaye. Merle ne ya ja ni zuwa bayan gidan Lorene, wanda rufinsa ya yi gaba, muka janye reshen da ya faɗo kan ƙofar ramin.

Suna ciki, zaune kan dadduma, da shayi da burodin ayaba. Lorene ta ce tana baranda da kofinta Ayeyo ta zo ta kamo ta a wuyan riga, ta ja ta kamar akuya.

Na durƙusa na ce, "Ayeyo, ba na ce miki gwaji ba ne?"

Ta ce, "Kai, ɗan nema. Tun Litinin ta biyu na gane. Wane gwamna ne zai rasa aiki sai haƙorana? A gida wa nake gani, kai kana can kana bin iska? Nan kuwa akwai sanyi, akwai mutum. Kuma yau Alhamis ce, ni ba jaka ba ce."

Na ce to me ya hana ta amsa, tana jin ina ta kira? Lorene ta fashe da dariya, ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna mini yadda Ayeyo ta yi mata.

Ayeyo ta ce, "Na ji ka sarai. Cewa na yi bari shi ma ya ɗanɗana."

Yanzu muna gidan ɗan Lorene kafin a gyara. Na roƙi Merle ya bar mini Litinin, ya yarda. Ayeyo ta ce in zo ramin, amma ni zan ɗauki flas, kuma in yi shiru manya na hira.

A gaida Sagal, a ce mata na yafe.

Ɗanki da aka rama wa,
Liban