Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni Usuman ɗan Haruna, mazaunin unguwar Waziriyya a Jidda, na rubuta wannan da cikakken hankalina. Ƙafa ce ta gaza, kai bai gaza ba, don haka kada wani ya ce zafin ciwo ne ke magana.

Na ɗaya. Babu mai bina ko riyal ɗaya. Yadin da ke shagon Bab Makka ku raba yadda shari'a ta ce, ɗana Badr kashi biyu, 'yata Rim kashi ɗaya. Shagon kansa kada ku ɓata bakinku, sunan kafili ke jikinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya mini.

Na biyu, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami: tumakinmu na Gungun Alhazai. Kun ɗauki sunan kamar tatsuniya, to ku saurara. Tsibiri ne a tsakiyar kogin Farin Nilu a Sudan, inda kakanninmu suka yada zango a hanyar hajji da guzuri ya ƙare. Da nono da nama suka rayu. A zamanin mahaifina fata ce kuɗi, fatake na zuwa saye a kwalekwale. Daga baya jiragen ruwa suka fara kwasar raguna zuwa nan Jidda don layya. Kuɗi ya shigo, hankali ya fita. Mutane suka sayar da raguna, suka bi da tumaki masu haihuwa, suka sayi rediyo da kwanon rufi.

Gungu ba shi da takardar fili. Duk shekara in ruwa ya janye, dattawa kan raba makiyaya, kuma gidan da ke da tunkiya mai rai ɗauke da shaidarsa kaɗai ake yanka wa rabo. Ranar da aka nemi shaidar gida aka rasa, rabonsa ya koma na jama'a, ba ya dawowa. Na san gidajen da suka rasa haka, jikokinsu na dako a kasuwannin mutane. Tamu shaidar tsaga biyu ce a kunnen hagu. Na sa garken cikin sulusina, wakafi ne, a hannun ƙanwata Bilkisu da ke kiwonsa can. Ta sha nono, ta sayar da raguna. Tunkiya mace ba ta fita gungu.

Na uku. Badr, na ji labarin dillalin da ka tura wa gwaggonka ya taya garken gaba ɗaya. Na ji kuma ka ce mata ƙasar na cikin yaƙi, a sayar kafin a yi asara, halas, magana ta ƙare. Raina ya ɓaci, har yanzu kuma a ɓace yake. Matar da ta kwashe tumakin nan a kwalekwale shekarar ambaliya, kana nan kana shan sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ita ka ɗaga wa murya a waya? Ka kira ta ka ba ta haƙuri kafin a share makokina.

Na gaji da faɗa maka abu ɗaya. An haife ka a Jidda, Larabcinka ya fi nawa, amma iƙama ce, takardar zaman baƙo, a aljihunka kamar ni. Kwanan gidan wani ba ya zama gado. Maƙwabcinmu Abdallah ya tsufa a garin nan, rana ɗaya aka ƙi sabunta masa iƙama, ya tsaya a filin jirgi bai san garin da zai ambata ba.

Na huɗu. Rim, Hausarki ta fi ta yayanki. Ki karanta masa wannan, inda ya ce bai gane ba ki maimaita da Larabci, kada ki sassauta ko kalma ɗaya.

Allah Ya yi muku albarka, Ya haɗa kanku, Ya hana dillali shiga tsakaninku da jininku. Na yafe muku, ku yafe mini. Ina roƙon Allah kada ranar Abdallah ta zo muku. In ta zo, ku tsallaka ruwa ku je gungu. Ba wanda zai tambaye ku takarda, kunnen tunkiya za su duba.