Hayaƙin Gonarmu ta Mazanya

Yaya Lawwali,

Assalamu alaikum. Ya Tsahara da yara? Ni lafiya lau, ban da sanyin ƙasar nan, amma kada Inna ta ji.

Ka san aikina bin hayaƙin gobarar daji ne a hotunan tauraron ɗan'adam. Jiya na leƙa Mazanya, sai ga hayaƙi ya taso daga wajen gonarmu, iska ta kwantar da shi kan gari. Kai ka rantse mini bana ba za ka ƙona sharar gona ba saboda fukar Inna. Hoton bai nuna mai ashana ba, amma na ji tarinta a waya. Raina ya ɓaci, Yaya.

Ka kai ta Jibiya wurin Gwaggo yau ɗin nan. Ni kallon hayaƙin kawai nake, ita ke shaƙarsa.

Allah ya ba ta lafiya.

Ƙanwarka,
Salmatu