Jiniyar da ke Ɗakin Ƙasa

Zuwa ga Yaya Leland,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya sa zafin Arizona ya sassauta maka ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau. Mama tana cin abincinta, sai dai kunnen ya ƙara nauyi.

Yaya, wata magana ce ta hana ni sakat. Ka san jirgin fiton da Baba ya shekara talatin yana zuba wa kwal, wanda a da yake tsallakar da motoci a Tafkin Michigan, an mai da shi gidan tarihi. Yanzu za su kafa allon tagulla a ɗakin injin da sunayen ma'aikata, har da na Baba. Tun da Mama ta ji, ta sa na goge mata rigar zuwa coci, wai da ita za ta je bikin kafa allon.

To, ranar Talata wani mai suna Kowalke ya zo daga kwamitin gidan tarihin, da kek mai 'ya'yan itacen ceri a hannu da murmushi har kunne. Ni dai tun daga ƙofa bai kwanta mini ba. Wai tarihi yake tattarawa, amma bai tambayi yadda Baba ya hana wutar tukunyar injin mutuwa ba a shekarar da ƙanƙara ta riƙe su kwana biyu a tsakiyar ruwa. Tambayarsa ɗaya ce, yana ta juya ta: ina jiniyar jirgin, ta tagullar nan, ta shiga bayan fitonsa na ƙarshe? Yana yi yana satar kallon ƙofar ɗakin ƙasa, wanda ke ƙarƙashin gidan nan. Na ce ban san zancen ba. Sai ya yi dariya, ya ce tagulla ba ta son danshi, ko da an naɗe ta a koren bargo.

Ka dai san jiniyar tana nan a ɗakin ƙasa tun da Baba ya kawo ta gida. In aka ce Baba sata ya yi, sunansa ba zai hau allon nan ba, kuma Mama ba za ta ɗauka ba. Ita ba ta taɓa sanin jiniyar tana gidan ba, ni kuma ban faɗa wa kowa ba. Koren bargon nan na gadonka ne, Yaya, kai ka naɗe ta da hannunka. Ba na so in zarge ka, amma faɗa mini gaskiya kafin mutumin ya dawo ranar Litinin: da wa ka yi magana?

Ka gaida matarka Arlene da yara, su Curtis. Mama tana gaishe ka, tana tambaya ko za ka zo bikin.

Ƙanwarka,
Doreen