Lemun Baba a Hannun Mijin Auta

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ciwon bayan nan naka? Umma tana gaishe ka, jikin nata da sauƙi.

Na ga saƙonka cewa ka danƙa lambun marigayi Baba a hannun mijin Auta, wai aikin lambu sai namiji. To, sannu da ƙoƙari. Ni da na tashi ina riƙe wa Baba wuƙa da leda yana aurar da lemu, wato ɗaura reshen wani a kan gindin wani, ban isa ba, sai mai sayar da tayar mota, wanda bai taɓa raya ko barkono a gwangwani ba.

Bari in ba ka labarin zaɓinka. Da farin takalmi ya shigo lambun, yana zagayawa yana taɓe baki. Ka san lemun zaƙin Baba iri ɗaya ne, amma a kan gindi biyu ya aura shi. Na kan tudu, inda yashi yake, gindinsu na lemun tsami ne mai kaushin ɓawo. Suna da saurin girma da 'ya'ya jingim, sai dai ɓawon da kauri, zaƙin kuma sama-sama. Na gangare, wajen rijiya, gindinsu na lemun ɗaci ne. Ba sa sauri, ba sa tsawo, amma su ne masu zaƙin da masu saro suke rububi a kai. Na yi masa wannan bayani tiryan-tiryan. Ya dube ni ya sheƙe da dariya, wai bishiya a ido ake gane ta, gajerun nan malalata ne, taki kawai suke ci. Ya sa aka tumɓuke su ƙaf, zai shuka wani abu da ya gani a waya. Har yau ramuka ne a wurin, sai kwaɗi. Da na yi magana, ya sayo kwaɗo ya garƙame ƙofar lambun.

Yanzu na tudu kaɗai suka rage masu ɗauke da irin Baba. In suka tafi, ba inda za mu samo reshensa a duniyar nan. Ka ja masa kunne, tunda tawa muryar ba ta kai ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka.

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Amsarka ta iso, na karanta inda ka ce in yi haƙuri in rage kishi, wai mijin Auta ya turo maka hoto lambu ya yi kore shar. Ni ma na ga koren, ta saman katanga.

Ka tuna tabon nan da ke ƙasan kowace bishiya, inda reshen zaƙi ya haɗu da gindi? Duk tohon da ya fito ƙasa da tabon ba na zaƙi ba ne, na gindin ne, na tsami. Baba da farce yake tsinke shi tun yana ɗan tsiro, domin in aka bar shi sai ya shanye abincin na saman. To, tun rasuwarsa ba wanda ya tsinke, toho ya miƙe santal-santal, ganye fato-fato, ga ƙaya. Na saman kuwa ya rame. Shi kuma gwanin naka da ya gani sai ya yanke hukunci: masu ƙiba su ne lafiyayyu, ramammun ciwo gare su. Ya kira masu saran itace da zarto. Suka sare lemun zaƙin tas daga kan tabon, suka bar masa gindin da tohonsa. Yana tsaye yana ba da umarni, hannu a aljihu, har da gyara musu riƙon zarto.

Ban ji labari ba sai da Auta ta zo tana yabon aikin mijinta. Na bi ta da masifa na karɓi mabuɗin. Na tarar an jibge rassan a rana sun sha zafi, rabi ma mai gawayi ya kwashe. Na tsinci waɗanda suka fi dama-dama, na aura, na ɗaure, na yi ta addu'a. Ko ɗaya bai kama ba. Wallahi na yi kuka a wurin, ba don shi ba, don Baba.

A gaida Anti.
Ƙanwarka.

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Na daɗe ban rubuto ba, ka kuma san dalili. Ina fata yara suna lafiya.

Lambunka ya yi 'ya'ya bana, kamar su karya rassan. Gindin tsami ai ba ya rowa. Masu saro sun zo, kowa ya ɓare ɗaya ya tofar ya juya. Mijin Auta ya ce ba su san sabon iri ba ne. Mutumin nan ko kunya ba a raba da shi ba.

Ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Jikin Umma ya tashi, idonta ya yi rauni, abinci ba ya shiga. Jiya ta ce ba ta sha'awar komai sai lemun mijinta. Kafin in buɗe baki, mijin Auta ya fita ya dawo da kwando yana washe haƙora. Auta ta ɓare ta sa mata a baki. Umma ta tsotsa, fuskarta ta yamutse. Can ta ce ashe ciwon ya kai haka, bakinta ya lalace, har lemun Malam ba ta jin zaƙinsa. Sai hawaye. Shi kuwa ya gyaɗa kai, ya tabbatar mata cewa magunguna ne suke sa haka. Auta ta sunkuyar da kai. Ni kuma na rasa ta yadda zan gaya wa mara lafiya cewa abin da mijinta ya bari babu shi.

Da safen nan ta ce a ƙaro mata, ko bakin zai gyaru.

Kai ka ba da lambun. Ka zo ka gaya mata da bakinka, ko kuma ka zo ka ɓare mata da hannunka.

Allah ya ba ta lafiya.
Ƙanwarka.