Tukubar Baba a Arfa

Rusaifa, Makka
Muharram, 1385

Zuwa ga Yayana Salihu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Hure da yara da duk mutanen Ɗambatta. Yaya kasuwa, yaya fama da jama'a? Mu ma nan lafiya, sai zafi, sai kuma jikin Baba, wanda shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Saƙonka ya iso ta hannun Alhaji Tijjani, ƙuli-ƙuli da yaji da daddawa, Allah ya saka da alheri. Amma gaskiya ka ja mini aiki. Tun ranar da Baba ya kwance ƙullin nan ya shinshina, ba shi da magana sai ta tsire. Mutumin da kunu ma sai na yi ta lallashi kafin ya kurɓa, yanzu wai tsire yake so, irin na tukubarsa da ya bar maka.

Ka ce Alhaji Tijjani ya gaya maka a mota muke kwana, ka ɗauka tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Tsohuwar motar alhazai ce ta Ammu Dawuda, wani Bahaushe haifaffen nan, wanda kakansa ya zo daga Katsina da ƙafa. Maigidana ke tuƙa ta lokacin aikin Hajji. In alhazai sun watse sai a kwance kujerun, a ajiye ta a hoshinsa, wato filin bayan gidansa mai katanga, mu shimfiɗa tabarmi a ciki. Baba na can ƙurya bayan labule, mu muna bayan kujerar direba. Kada ka raina mana, gidanmu ya fi naka yawan tagogi.

Ka san ba mu da iƙama, wato takardar izinin zama. Wannan kuwa shi ne lokacin da askarawa ke bin unguwanni suna kwashe waɗanda suka ƙi komawa, a kai su Jidda a zuba a jirgi. Ni da maigida in an kama mu, gida muka koma, ba wani abu. Baba fa? Kai shaida ne, tun muna yara ba shi da addu'ar da ta wuce Allah ya karɓi ransa a cikin Harami. Tun da muka zo ba ya tsallake iyakar Harami sai ranar Arfa, ita ma rana na faɗuwa yake damun maigida da a tayar da mota. Umra ma ya daina yi, don sai an fita Tan'imu a ɗauro harama. Ya ce bai yi doguwar tafiyar nan ba don mutuwa ta same shi a bakin ƙofa.

To ga matsalar. Bara gobara ta tashi a wani hoshi kusa da mu, daga kaskon gawayi. Tun daga nan maƙwabta na ganin hayaƙi sai su kira baladiyya, wato hukumar gari, su kuwa ma'aikatan baladiyya ba sa zuwa sai da askari, askari kuma takarda zai fara tambaya. Ammu Dawuda ya ce ba gawayi, ba itace, ko a cikin motar ko a gefenta. Ban ga laifinsa ba, jikinta katako ne, tankin mai kuma yana daidai ƙarƙashin inda Baba ke kwance.

Risho kawai nake da shi, a nan dafur suke ce masa. Na sayo tsoka mai kyau a kasuwar Zahir, na fere ta yadda ya koya mana, na tsire, na barbaɗe da ƙulinka, na ɗora farantin ƙarfe a kan rishon na gasa. Na sha famfo har hannuna ya yi tsami. Da na miƙa masa sai ya kai hanci, ya ajiye, ya tambaye ni wa ya yi wa naman nan wanka da kananzir. Na ji haushi ƙwarai, na fita bayan mota na yi kukana, na dawo na dama masa kunu. Shi ma bai sha ba.

Ka taya mu da addu'a. Ka gaida Yaya Hure, ka shafa mini kan yara.

Ni ce ƙanwarka,
Yalwa

Rusaifa, Makka
Safar, 1385

Zuwa ga Yaya Salihu,

Gaisuwa irin ta Musulunci, tare da tambayar lafiyarka da ta iyali. Ina fata an fara samun ruwa a wajenku. Ban jira amsarka ba, don na samu mai tafiya, kuma zuciyata ta cika.

Jikin Baba ya ƙara yin ƙasa. Wani ma'aikacin asibiti ɗan Sudan, abokin maigida, ya zo har mota ya duba shi. Ya ce ciwon a ciki yake, ya ba da magani, amma yadda ya kalle ni wajen sauka ya ishe ni bayani. Yanzu ni kaɗai nake iya tayar da Baba zaune, ba shi da nauyi ko kaɗan.

Maganar tsire ba ta mutu ba. Saudatu, matar Ammu Dawuda, ta ji tausayina ta ara mini butagaz ɗinta. Ba ku da shi a can. Wata tukunyar ƙarfe ce cike da iska, an haɗa ta da murhu ta igiyar roba, ana ƙyasta ashana sai wuta shuɗiya ta tashi, ba hayaƙi, ba wari. Saudatu na ji da shi kamar ɗan fari. Hausarta rabi Larabci ce, ta yi ta nanata mini da shuwayya shuwayya, wato a hankali, kada in tarwatsa musu hoshi. Na ɗora ragar waya a kai na gasa, ina juya tsinke ina duban tukunyar. Wannan karon Baba ya kai baki. Ya tauna ya daɗe, sannan ya ce Allah ya yi mini albarka, na iya dafa nama. Ka dai san Baba, a wajensa babu zagin da ya fi wannan.

Maigida ma ya gwada nasa. Ya je wajen masu tsiren kasuwa, don akwai su, Larabawa har sun koyi ci, ya sayo ya ƙunso a takarda ya dawo da gudu. Baba ya ce wanda ya yi wannan a kan wuta ya ɗora naman, tsire kuwa a gefen wuta ake kafa shi, ya ga wuta, wuta ta gan shi. A ranar na gane ba yunwa ke damunsa ba. So yake ya ƙara zama gaban tukuba, ya juya tsinke da hannunsa.

Na fusata, Yaya, ba zan ɓoye maka ba. Na ce masa ya zaɓa, ko hayaƙi ko Harami, don ranar da hayaƙi ya tashi a hoshin nan a Jidda za mu kwana. Sai ya juya fuska jikin katako. Tun daga nan bai ƙara ambaton tsire ba, shirun nan kuwa ya fi naci ciwo. Da na san haka zai yi da na haɗiye maganata.

Jiya maigida ya kawo shawara. Ya ce mun manta gidanmu na da ƙafafu. Muzdalifa a cikin Harami take, yanzu kuma ba kowa a can sai duwatsu. Za mu tafi da gawayi a buhu, mu hura wuta nesa da motar, Baba ya yi abinsa mu dawo. Ammu Dawuda ya ce shi dai abin da ya sani za a fita gwada inji, bai ji sauran ba. Da na gaya wa Baba, abin da ya fara tambaya shi ne ko Muzdalifar ce tabbas, ba gaba da ita ba. Na ce masa ita ce. Sai ya ce in wasa wuƙa.

Ina jin tsoro, amma ban ga wata hanya ba. Ka gaida kowa da kowa.

Taka,
Yalwa

Rusaifa, Makka
Rabi'ul Awwal, 1385

Zuwa ga Yaya Salihu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Hure da yara, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san wayar da Ammu Dawuda ya buga ta riga takardar nan isowa, ka ji Baba ya rasu. Abin da waya ba ta ɗauka shi zan gaya maka, don kai ne babba, kuma ba na so ka ji a bakin wani.

Mun fita da hantsi. Baba ya yi alwala, ya sa farar rigarsa, girgizar mota ta sa barci ya ɗauke shi tun kafin Mina. Da muka isa Muzdalifa sai muka tarar ana aikin hanya, ga leburori, ga tantuna, ga motar askarawa a gefe. In muka tsaya za a zo a tambaye mu, in muka juya a gabansu ma haka. Maigida ya ɗaga musu hannu kamar mai sauri, ya wuce. Muka yi ta tafiya muna neman inda ba idon mutane, ko'ina sai ka hango wani. Can sai ga ginshiƙan nan na iyaka, waɗanda in ka wuce su ka fita Harami. Na gan su, maigida ya gan su. Ina kallon ƙeyarsa, yana kallon hanya. Ina iya ce masa ya tsaya, ban ce ba.

Ba ka taɓa ganin Arfa ba kowa ba. Filin da ka sani cike da mutane, ranar ba komai sai rairayi da iska da wani makiyayi da awakinsa. Kashe injin ne ya tashi Baba. Ya ɗaga labulen taga, ya ga Dutsen Rahama. Mutumin da ya yi tsayuwar Arfa shekara da shekaru ba ya bukatar a gaya masa inda yake. Na durƙusa ina kuka, na ce ya yafe mana, yanzu za mu juya. Ya daɗe yana kallon dutsen. Da ya buɗe baki, tambayata ya yi ko na taho da tsinkayen.

Muka sauko da shi muka zaunar a inuwar motar, muka jingina shi da taya. Ya sa maigida ya tara rairayi ya yayyafa ruwa, shi da kansa ya dinga shafawa da tafin hannu har tukuba ta tashi, da rami a tsakiya. Aka zuba gawayi, na fifita har ya zama garwashi. Yaya, hannun da cokali ke gagara, shi ya fere naman nan, siriri, ko sau ɗaya bai karkace ba. Ya tsire, ya birkita a ƙuli, ya kafa su a kewaye, ya yayyafa mai. Hayaƙi ya tashi ya miƙe sama, ba mai kiran kowa. Yana juyawa yana yi mini faɗa wai na tsaya masa a hanyar iska, muryarsa ta dawo irin ta kasuwar Ɗambatta.

Ɗan kaɗan ya ci. Ya rufe ido yana taunawa, ya ce yauwa. Sauran ya raba mana, ya sa aka kira makiyayin aka ba shi nasa, don Baba bai taɓa tashi daga tukuba bai yi sadaka ba. Ya ce in gaya maka ƙulinka ya yi kyau amma yajin ya yi gishiri, ka rage hannu.

Na sake roƙonsa mu tafi. Ya ce in bar shi wutar ta mutu tukuna. Ya ce ya daɗe yana gadin mutuwarsa kamar mai gadin nama a kan tabarma, ya gaji, kuma Wanda ya kafa iyakar nan ya san inda bawansa yake zaune.

Bayan la'asar muka kamo hanya. Kansa na kan cinyata. Ba mu yi nisa ba numfashinsa ya sauya. Na ƙwala wa maigida kira, ya taka motar nan har katakonta na kuka, tukwane na zubowa. Ina laƙƙana masa kalmar shahada, yana bi. Ta gilashin gaba ina hango ginshiƙan suna matsowa. Ya cika ba mu kai ba, Yaya. Abin da ya rage bai fi daga tukubarka zuwa ƙofar masallacin Juma'a ba. Na rufe masa ido, sannan muka wuce tsakaninsu.

Ammu Dawuda ya tsaya mana tsayin daka, Allah ya biya shi. An yi masa salla a gaban Ka'aba, an rufe shi a makabartar Ma'ala. Maigida ya ce wajen wanka sun yi ta fama da yajin da ya shige masa ƙarƙashin farce. Saudatu ta ce duk wanda ya tambaya in ce a Makka ya rasu, khalas, shi ke nan, ai a Makka yake kwance. Su mutane haka nake ce musu. Kai kam na gaya maka yadda aka yi, kai ka san abin da za ka faɗa wa dangi.

Wani lokaci sai in ji ni na hana shi abin da ya yi shekaru yana roƙo. Wani lokaci kuma sai in tuna fuskarsa a gaban garwashin nan, in rasa me zan ce. In kana jin haushina ka rubuto ka faɗa, zan ɗauka. Na mayar wa Saudatu butagaz ɗinta, na koma kan rishona. Labulen ƙurya har yanzu ban iya cirewa ba.

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya haɗa mu da shi a Aljanna. Ka gaida Yaya Hure, ka ce na gode da addu'a. In za ka yi aike bana, ka sa daddawa da kuka da kuɓewa busasshiya. Don Allah kada ka sa ƙuli-ƙuli.

Ni ce ƙanwarka,
Yalwa