Tsinin da Aka Yanke

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da matarka da yara.

Yaya, na ga takardar gayyatar taron da Farfesa zai nuna wa duniya matatar ruwansa, har da zanen sakamakon gwaji ɗore a tsakiya. Nawa ne. Ni na yi kwana uku a gaban injin eksire ina haska ruwan majema da aka tace, bayan mun shekara muna jiran layi. Ka san abin da na gano: kromiyam mai guba yana nan daram, matatar ba ta kashe shi ba. Shaidarsa wannan tsinin ne da ke tashi kamar ƙaya a kan lamba 5993, kafin layin zanen ya hau tudu.

To a zanen gayyata babu tsini. Na sa tabarau na duba lambobin ƙasa, sai na ga zanen ya fara daga 6000. A manhajar kwamfutar da muke zana sakamako da ita akwai akwati biyu, "daga" da "zuwa", ni kuwa kullum 5970 nake sawa a na farko. Wani ya matsar da shi da talatin kacal, guba ta faɗa bayan labule.

Wannan mutumin ne ya tsaya gaban kwamiti a zauren taro ya ce ni ƙazama ce, na gurɓata samfur, aka karɓe katina da kwamfutata, mai gadi ya raka ni ƙofa. Wata biyar ke nan, duk inda na kai takarda sai in tarar labarin ya riga ni. Wallahi ban yafe ba. Kai kana aiki a ƙarƙashinsa har yanzu, ka kwafo mini asalin fayil ɗin. So nake in ga ƙarshensa da idona.

Ka gaida mutan gidan.
Ƙanwarka, Auta

*

Wa alaikumus salam Auta,

Saƙonki ya iso, muna lafiya, da fatan ke ma haka.

Na karanta sau uku. Ki yi haƙuri, ki bar wa Allah. Mutumin nan ya fi ƙarfinmu, kuma kin san Mama da magungunanta a wuyana suke.

Fayil ɗin ba zan iya ba ki ba. Dalilin shi ne ya hana ni zuwa gidanki tun da aka sallame ki. Farfesa bai san inda akwatin "daga" yake ba, ko buɗe manhajar bai iya ba. Washegarin tafiyarki ya kira ni ofis, ya ɗora yatsa a kan tsinin, ya ce wannan dattin ƙanwata ne, in share masa. Na ce ba a share sakamako. Ya ce bai ce in share komai ba, in dai fara zanen daga inda ya yi kyau. Yana tsaye a kaina, ina jin ƙamshin turarensa, na goge 5970 na rubuta 6000.

Na ce wa kaina ai ban taɓa lamba ko ɗaya a cikin sakamakon ba, taga kawai na rage. Har yau ni ke haɗa masa hotunan jawabinsa. Idan ya faɗi, tare za mu faɗi.

Ki yafe mini. Ki huta lafiya.
Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa dai don tarbiyyar Mama, ba don zuciyata ta so ba.

Ashe ɓarawon a cikin gida yake. Kai da ka koya mini manhajar nan, kai da ka taɓa buge mini hannu don na datse wutsiyar zane, ka ce mai gaskiya yakan nuna har inda bai so! Ina nan ina tsine wa baƙo, ashe yatsan ɗan'uwana ne. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, amma na gama.

"Taga kawai na rage." To su waɗanda za a kafa wa matatar a bakin rijiya, su sha su ba 'ya'yansu, ta wace tagar za su leƙa?

Ga abin da zan yi. Ranar Laraba zan shiga zauren, taron na kowa ne. In ya gama fankamarsa, yana juya wa allo baya kamar yadda ya saba, yana danna maɓalli ba tare da ya waiwaya ba, zan ɗaga hannu. Tambaya ɗaya ce: a matsar mana da zanen hagu da talatin. Akwai mutum biyar aƙalla a wurin da suka san abin da ke zaune a 5993. In ya ce kai ne, ba zan kare ka ba. Maganin Mama kuwa, ko wankau zan yi in saya.

Sunana nake so a wanke a ɗakin da aka ɓata shi. Ban faɗa wa Mama ba, wannan ya rage naka.

Sai mun haɗu.
Auta

*

Auta,

Ina gaisuwa. Na faɗa wa Mama jiya, ta tashi ta bar mini ɗakin.

Ba sai kin ɗaga hannu ba. Hoto na goma sha ɗaya, mai zanenki, ya koma farawa daga 5970, na sa sunanki a ƙasansa da manyan baƙaƙe. Na miƙa masa, bai duba ba, ya ce madalla. Takardar ajiye aikina tana aljihuna.

Ki zo da wuri ki zauna a layin gaba, inda zai gan ki idan ya waiwaya.

Allah ya kai mu.
Yayanki